Izinin Gaida Gida a Zango na Sha Biyu

A gidanmu akwai wani kofin azurfa mai kunne biyu, kuma tun da na yi wayo maɓallan riga da tsofaffin allurai kakata ke zubawa a ciki. Kakana Gaspare Ramundo ne ya ciyo shi shekara hamsin da biyu da suka wuce, a babban tseren keke na zagaya ƙasa, wanda ake sati uku ana yi, kullum zango guda. Buɗe duk littafin tarihin tseren da ka ga dama, za ka gan shi a saman shafi: zango na sha huɗu, na ɗaya Ramundo, ya ba na biyu ratar minti biyu da ɗoriya. Abin da ya taɓa ci ke nan a rayuwarsa. Kuma shi ya sa har gobe in aka ambaci sunanmu a cikin 'yan tsere sai ka ga kowa ya yi murmushin mugunta.

Ga yadda aka yi. In hanya ta bi ta garinku, kuma ranar ba ta gudun kashe kai ba ce, kana iya zuwa ka roƙi manyan ayari su bar ka ka yi gaba. Ka isa gida kai kaɗai kamar wani gwarzo, ka sauka, uwarka ta rungume ka, a cusa maka kek a baki, ka jira ayari ya iso ka koma ciki. Ba a rubuce abin yake ba, amana ce kawai. To Nonno, haka muke kiran kakan nawa, ya roƙa aka ba shi. Ya shiga garinmu Torrecupa ta ƙofar sama, ya fice ta ƙofar ƙasa, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Mutum ɗari da ashirin suka iso dandali suna waige-waige, shi kuwa tuni ya yi nisa. Suka bi shi har harsuna suka zazzago, ba su kamo shi ba.

Tun daga ranar duk wanda ya ci amana a kan keke sai a ce ya yi Ramundo. 'Yan Beljiyam suna faɗa, 'yan Kolambiya suna faɗa, yaran da ba su ma san mutum ne mai rai ba suna faɗa.

Ka tambayi Nonno dalili, amsar ta danganta da ranar da ka same shi. Yau birki ne ya tsinke. Gobe ƙudan zuma ne ya shige masa riga. Jibi kuma kare ne ya biyo shi, kuma karen nan kullum ƙara girma yake, bara ya kusa kai maraƙi. Tsofaffin gari kuwa duk bakinsu ɗaya, wai suna tsaye ya wuce su fuu kamar iska. Nonna Velia, matarsa, da an taso da zancen sai ta tuna ta bar wani abu a wuta.

Ni ne Nevio, jikansu, shekarata ashirin da uku, kuma nima keken nake ci da shi. Kar ka yi zaton wani tauraro ne. Ɗan ga-ruwa ne ni. In koma baya wurin motar ƙungiya, in cusa goruna tara a cikin riga har in zama kamar raƙumi, in taka in rarraba wa manya. In tare musu iska, in taya ta fashe wa shugabanmu in ba shi tawa. Ranar da na fara shiga tseren ƙwararru wani ya karanta sunana a bayana ya ce wa na kusa da shi ya ƙirga gorunansa. Na ce kar ya damu, mu goruna ba ma sata, zango sukutum muke ɗauka. Aka yi dariya, amma ba a matsa mini na shiga layi ba. Shekara biyu ke nan duk inda na kawo tayata sai a rufe gurbin.

Bana da aka fitar da taswirar hanya, sai ga Torrecupa a zango na sha biyu, karon farko tun waccan shekarar. Nonno ya kira ni a waya. Ya fara da zagin likitansa da ya hana shi gishiri da kofi, ya zagi tayoyin zamani, ya ce hular kwanona ta mai da ni kamar ƙwaro. Sannan ya shiga maganar da ta sa ya kira.

"Sarkin surutu," ya ce, "ban ce ka ci komai ba, na san ƙafafunka. Ka roƙe su. In sun ba ka, ka sauke ƙafa a dandali. Ina so in ga ƙafar Ramundo a ƙasa kafin wannan likitan ya gama da ni."

Na ce ai kuwa zan sauke har biyu, in yana so in cire takalmi ma. Ya ce in rufe masa baki.

Matsalar ita ce wanda za a roƙa. Mai rigar jagora, wato wanda ke kan gaba a jimlar lokaci, wani yaro ne ɗan ƙasar waje da ba ruwansa da komai sai abin da aka auna masa ya ci. Mai faɗa a ji na gaskiya shi ne Gualtiero, wanda muke kira Alƙali. Shekararsa talatin da tara, wannan zagayensa na sha shida, kuma ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa sai likitan haƙori. Shi ke cewa yau a tafi a hankali, shi ke cewa a tsaya a rage ruwa a gefen hanya. Manajansa na farko yana cikin mutum ɗari da ashirin ɗin nan da suka bi Nonno, kuma an ce har ya mutu bai daina zancen ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina zawarcin mutumin nan. Ba ƙungiyarmu ɗaya ba, amma in na ɗebo ruwa sai in ratsa ta gefensa in ce gora ta yi mini yawa. Na yaba gemunsa. Na yaba kekensa. A zango na bakwai ana tafka ruwan sama na ba shi rigar ruwata, na yi kilomita sittin haƙorana suna kaɗa ganga. Ya karɓa, ko kallona bai yi ba. A lokacin ina na ɗari da arba'in da takwas cikin mutum ɗari da sittin, mai rigar jagora ya ba ni ratar awa biyu da kwata. Ko babur aka ba ni ba zan tsorata kowa ba.

Safiyar zango na sha biyu na same shi yana shan kofi a bakin motarsu. Na cire hula, na yi ladabi irin wanda ban taɓa yi wa malamin makaranta ba. Na ce Sinyor Gualtiero, yau hanya ta gidanmu za ta bi. Ya ce ya iya karatun taswira. Na ce kakana yana da shekara saba'in da takwas. Ya ce wasu mutanen suna daɗewa. Ya shanye kofinsa, ya juya kofin a hannu kamar mai duba.

"Ratar minti uku na ba ka," ya ce. "In na iso dandalin ban tarar da ƙafarka a ƙasa ba, ba kai ba samun gurbi a ayarin nan har ka yi furfura. Ba kai ba, ba ɗanka ba."

Na ce ba ni da ɗa. Ya ce to in yi tunani kafin in haifa.

Saura kilomita goma sha biyu zuwa gari, Alƙali ya ɗaga haɓa. Haka kawai, haɓa. Na miƙe a kan feda na fice. Wani ya yi ihu daga baya a ɗaure mini igiya a ƙugu, wani ya ce a gaida Nonno in na gan shi a layin ƙarshe.

Kai jama'a, ashe haka gaba take. Shekara biyu ban ga komai ba sai ɗuwawun mutane, yau ga hanya fetal, ga tsaunukanmu, ga babur mai kyamara a gefena, ni kaɗai yake ɗauka. Na gyara riga. Na ɗaga wa wasu tumaki hannu. Na yi wa kyamara murmushi ta dama, na tuna ta hagu na fi kyau, na juya. Iska tana bayana tana tura ni kamar uwa mai kai yaro makaranta, ƙafafuna kuwa sai ka ce na wani na aro.

Sai 'yar rediyon da ke kunnena ta yi ƙara. Manajanmu ne, Amilcare, mutumin da bai taɓa kiran sunana ba sai in ruwa ya ƙare. Ya ce ayari gaba ɗaya ya tsaya rage ruwa, wasu ma sun sauka suna canja riga, rata ta kai minti huɗu. Na ce madalla, zan samu lokacin cin kek biyu. Can ya dawo ya ce biyar. Can ya ce shida, kuma muryarsa ta canja, ta yi taushi kamar ta mai neman aure.

Ya ce in yi lissafi. Daga Torrecupa zuwa ƙarshe kilomita arba'in da biyu, rabi gangara, iska a baya. Ƙungiyarmu ba ta ci ko zango ɗaya ba tun farkon shekara, mai kamfanin tagogin da sunansa ke ƙirjinmu ya fara daina ɗaga waya. Kwantiragina kuma ƙarshen shekara zai ƙare, ya tuna mini, kamar na manta. Ya ce ba dokar da ta hana. Ya ce shekara biyu zai sa mini hannu yau ɗin nan a kan murfin mota.

"Nevio, ɗana," ya ce, "sunan nan fa ya riga ya ɓaci. Ka ci riba da shi mana."

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi lissafin. Na yi shi sau biyu, kuma duka biyun ya fita. Na ga kaina a kan dakali, ana fesa mini ruwan inabi, Nonna ta samu kofi na biyu na zuba zare. Hannuna ya sauka ƙasan kan keke da kansa, na duƙa, gudu ya kai sittin. A haka na shiga ƙofar sama.

Hanyar garinmu duwatsu ne jere, gangara ce kuma tsaye har dandali. Tutoci ko'ina, sunana a rubuce da farin fenti a ƙasa, wani ya manta harafi ɗaya ya ƙara shi a sama. Mutane maƙil, har kan rufin kantin aski. Suka fara ihu. Sannan suka ga irin gudun da nake, ihun ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Ban taɓa jin gari ya yi tsit haka ba.

Sai na hango Nonno a bakin rijiyar dandali. Ya sa tsohuwar rigarsa ta tsere, ta ulu, wadda yanzu iyakarta saman cibiya. Bai ɗaga hannu ba, bai kira ni ba. Ƙasa yake kallo, daidai inda yake so ƙafar ta sauka.

Na damƙe birki duka biyu. Tayar baya ta yi ta rawa a kan duwatsu, na wuce rijiya, na wuce teburin kek, na tsaya cak a gaban masu busa da ganga. Na murɗa ƙafa in zare takalmi daga feda, don namu a maƙale suke da ita, takalmi ya ce bai san zancen ba. Na murɗa ɗayar, ita ma haka. Sai na fara karkata, a hankali, cikin natsuwa, a gaban garinmu da kyamara da duk wanda ya kunna talabijin a ƙasar nan, har na kwanta a kan babbar ganga. Ta ce dum.

Nonno ya tako ya tsaya a kaina.

"Ƙafa na ce, sarkin surutu. Ban ce duk jiki ba."

Dandali ya fashe. Aka ɗaga ni da keken gaba ɗaya, aka zare ni, aka dasa ƙafafuna a ƙasa kamar ana shuka itace. Gwaggonnina suka rufe ni, kowacce ta bar mini jan baki a fuska. Amilcare yana ta kururuwa a kunnena, na zare rediyon na miƙa wa Nonna, na nuna mata inda ake dannawa. Ta saurara kaɗan, ta danna, ta tambaye shi ko uwarsa ta san irin aikin da yake yi. Ba mu ƙara jin sa ba.

A nan na lura da abu biyu. Na farko, kowa a garin idonsa ya faɗa, yara suna kallon teburin kek kamar za su yi kuka. Na biyu, a bayan kujerar Nonna akwai tulin tukwane ya kai tsayina, duk an zura musu sarƙa ta hannuwa an datse da kwaɗo. Ɗan gwaggona ya raɗa mini cewa tun asuba ta bi gida gida ta kwashe duk tukunyar da za ta iya dafa taliya, har ta gidan Fada, limamin cocinmu. Ta ce ba mai ɗora ruwa a wuta a garin nan sai ayari ya wuce. Tsire kawai ta yarda a gasa a waje, shi ma ba mai taɓawa. Ga shi ƙarfe ɗaya da rabi. Na tambaye ta dalili, ta cusa mini kek a baki.

Sai ga ayari ya gangaro. Alƙali a gaba. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙafata, na ɗaga ta na sake dangwarar da ita don ya gani da kyau. Ya ɗaga hannu, mutum ɗari da hamsin da tara suka ja birki. Ƙamshin tsiren tunkiya ya gama da su, har yaron nan mai rigar jagora na gani da tsinke biyu yana waigen kar manajansa ya gani.

Nonna ta ratsa su, ta je ta kama kan keken Alƙali da hannu biyu. Ta ce ta ji an ce shi ne babba, to tana da magana, kuma sau ɗaya za ta faɗa.

Ta ce waccan ranar an sanar ayari zai iso ƙarfe biyu saura kwata. Iska ta turo su, Gaspare ya iso ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci. Duk garin yana cikin gida, kowa ya ce bari a ci abinci da wuri a fito. Wata uku da aurensu a lokacin. Tana tsaye a taga ta gan shi ya shigo dandali, ba kowa sai ƙyallen da aka rubuta sunansa da wani tsohon kare yana barci. Ya zagaya rijiya sau ɗaya. Ya sake zagayawa. Yana jin ƙarar cokula ta tagogi.

"Ni kuma na riga na zuba taliya a ruwa," ta ce. "Na ce bari in tsame ta in fito. Ko da na fito ya tafi. Kunya ce ta kore shi, kar ku iso ku tarar ba wanda ya fito masa. Shekara hamsin da biyu yana ɗora wa birki laifi."

Tsofaffin da suka rantse suna tsaye ya wuce su fuu, kowa ya samu abin kallo a takalminsa.

Alƙali ya cire tabarau.

"Sinyora, taliyar wace iri ce?"

Ta ce 'yar murji ce, ta ƙwai, da hannunta ta yanka.

"Saura minti nawa ta dahu?"

"Ɗaya."

Ya ja dogon numfashi, ya juya ya dubi ayari. Duk 'yan ƙasarmu da ke ciki suna gyaɗa kai cikin jimami, wani har ya dafe ƙirji. Wani ɗan Beljiyam ya tambayi me ake ciki aka fassara masa, ya ce to me ya hana ta kashe wutar ta fito, mutum uku suka ce ya yi shiru in bai san abu ba.

"Irin wannan taliya ba a tafiya a bar ta a wuta," in ji Alƙali. "Laifin iska ne."

Ya sauka daga keke, ya je ya miƙa wa Nonno hannu. Nonno ya kama, idonsa jawur, ya ce shi dai birki ne ya tsinke masa, matar nan ta tsufa ba ta san abin da take faɗa ba. A nan na ga haƙoran Alƙali. Ashe ma da wushirya.

Muna fita ta ƙofar ƙasa na ji ƙarar sarƙa da tukwane a bayanmu, gari ya yi wawa kowa yana neman tasa.

Sauran zangon kar ka tambaye ni. An rama lokacin da aka ɓata, aka yi ta gudu kamar an saci wani abu, ni kuwa kek huɗu da tsire shida suna cikina suna shawara. Wani ɗan Holan ne ya ci. Na zo na ɗari da hamsin da ɗaya, minti goma sha tara a baya. Amilcare ya yi kwana uku ba ya mini magana, ruwa ma ta hannun makanike yake miƙo mini. Maganar kwantiragi har yanzu wai ana dubawa.

Amma washegari, ana tsakiyar iska mai bugowa ta gefe, kowa yana neman inda zai ɓuya, na kawo tayata gefen layi kamar kullum ba tare da na sa rai ba. Sai gurbi ya buɗe. Na waiga, Alƙali ne ya ja baya da rabin taya. Ya ce in shiga, Nevio, kafin ya canja ra'ayi.

Na gama zagayen ina na ɗari da talatin da tara, don wasu sun janye. Da na koma gida na tarar maɓallan sun koma gwangwanin biskit, kofi yana ta ƙyalli a kan talabijin. Nonno ya yanko sakamakon zango na sha biyu daga jarida, ya ja layi a ƙarƙashin na ɗari da hamsin da ɗaya, ya jingina a jikin kofin. Duk baƙon da ya shigo shi yake fara nuna masa.

Maganar yin Ramundo kuwa ba ta mutu ba. Satin da ya wuce a wani ƙaramin tsere wani yaro ya zo tsayawa a wurin sa hannu, takalmi ya maƙale masa a feda, ya kife a gaban 'yan jarida. Sai na ji an ce daga baya, ka ga wani ya yi Ramundo. Na kira Nonno na faɗa masa. Ya ce shi a zamaninsa ko amana ya ci, aƙalla a kan keke ya ci ta.